Wurin Ta-Garu a Baranda

Sun fara rushe tsofaffin kantunan bakin gulbi. Jikata ce ta zo mini da labarin tana dariya, wai da katafila ta ɗaga rufin kanti na farko jemagu suka tashi kamar hayaƙi, masu kabu-kabu suka watse suka bar baburansu. Ta ce za a yi sababbin shaguna masu bene, da ƙofofin nan da ake turawa sama su naɗe. Na ce mata Allah Ya sa alheri. Washegari da hantsi na ɗauki sandata na je na tsaya daga nesa, wajen masu albasa, na duba. Saura uku a layin. Na tsakiya shi ne namu, ko da yake ko ƙusa ɗaya ba mu taɓa mallaka a cikinsa ba.

Yaran yanzu ba za su gane abin da layin nan yake a da ba. Kamfanonin Turawa ne suka gina kantunan tun Baba yana yaro, da suka tafi 'yan kasuwar gari suka gaje su. Bangon yana da kauri har mutum na iya zama a bakin taga ya miƙe ƙafa. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga ciki sanyi ne ke fara taɓa maka tafin ƙafa, don simintin ƙasan ya sha takawa har ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. A goshin kowane kanti akwai manyan haruffa da rana ta cinye, ana ganin inuwarsu amma ba a iya haɗa su. Ƙofofin na ƙarfe ne masu ganye biyu, ana tokare su da wani dogon ƙarfe daga ciki, kuma kowace da irin kukanta. Da safe ina daga gida nakan san wane kanti aka buɗe. Na mai gishiri yana kuka kamar akuya, na Alhajinmu mai yadi kuwa sai ya yi tari sau biyu kafin ya buɗe. Yanzu in ka bi ta kasuwa ba ka jin komai sai janareto da hon, ga rediyon kowa na faɗa da na maƙwabcinsa. A lokacin nan, in manyan motocin da ke jiran ƙetare gada suka kashe inji, har muryar masu jirgi ana ji daga kan ruwa suna kiran juna.

Amma abin da ya fi kantunan rai shi ne barandarsu. Doguwar inuwa ce mai ginshiƙai, ta haɗe layin daga farko har ƙarshe, kuma kowane ginshiƙi da mai shi. Ba haya ake yi ba, ba takarda. Mai kanti ne ke duban mutum ya ce masa zauna nan, shi ke nan, ya zauna har ya tsufa. Abin da ake so a wurinsa ya share gaban kanti, ya sa ido in mai kanti ya tafi masallaci, ya kuma riƙe bakinsa. In kuwa aka gaji da mutum, ba a ce masa tashi. Manya suna ganin furta wannan kalma rashin kunya ne. Sai dai ya zo da safe ya tarar an ajiye kaya a gindin ginshiƙinsa, buhuna ko tangaran ko itace, shi kuma ya gane, ya juya. Sau ɗaya na ga an yi haka a rayuwata, kuma saboda ni aka yi.

Baba tela ne. Kekensa na ɗinki yana ginshiƙi na biyu daga ƙofar Alhaji mai yadi. Aikina kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, shi ne in share daga ƙofa zuwa ginshiƙi na uku, in cika randar masu wucewa, in zura wa Baba zare a allurai huɗu in soke su a jikin tsumma, don idonsa ya fara gajiya. Ni ba mai magana ba ce. In baƙo ya gaishe ni sai in sunkuya in yi ta duban yatsun ƙafata. Amma ina gani. Na san tsaga nawa ce a jikin ginshiƙinmu inda siminti ya ɓare, na san mutumin da ke zuwa awon riga duk sati ba ya ɗinkawa, na san lokacin da inuwar rufi ke kaiwa ƙafar keken Baba, wato lokacin azahar. Inna kan ce idona ya cinye rabon bakina.

A ginshiƙi na uku wata mata ke zama, kowa na ce mata Ta-Garu, don daga Garu ta zo bayan mijinta ya daina iya aiki. Lemu-hari take sayarwa, ruwan lemun tsami da citta da ɗan yaji, cikin wata babbar tukunya da take lulluɓewa da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Doguwa ce, mai wushirya, Hausarta gauraye da Dandanci. Kullum ita da Baba cikin tsokana suke.

"Tela," takan ce, "wandon da ka ɗinka ma mijina, ƙafa guda ta girmi guda."

"Awo na bi," in ji Baba, bai ɗaga kai daga keke ba. "Ki tambayi wanda ya ɗinka mijin."

"To yau ba ka shan komi nan."

"Jiya ma da na sha, citta ta tafi Gaya ganin dangi ba ta dawo ba."

Duk da haka sai ta cika kofi ta miƙo mini in kai masa, ni kuma ta ba ni abin da ya rage a ludayi. Ita kaɗai ce ba ta matsa mini in yi magana. In na gama shara takan ce, "Zo, ɗiyata, zauna nan ki taya ni kallo," mu zauna shiru muna duban hanya. Da la'asar, in kasuwa ta yi sanyi, takan ɗora tukunyar a ka ta tafi bakin gada ta sayar wa direbobi da ma'aikatan duwan, wato kwastan, sauran abin da ya rage.

Akwai abin da duk mai zama a barandar nan ya sani ba ya faɗa. A ƙuryar kantin Alhaji, bayan tarin tabarmi da aka jingine a bango, akwai wata 'yar ƙofa da ke fita ta wajen gulbi. Wani lokaci da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori kowa inuwa, jirgin masu kifi kan tsaya a ƙasan gangaren, a shigo da kwandunan banda ta ƙofar nan. Kifi a sama, yadi a ƙasa, wanda bai bi ta wurin duwan ba. Shi ya sa sabon yadin Alhaji ke warin hayaƙin kifi, sai ya rataye shi kwana biyu a ɗaki ya kunna turaren wuta kafin ya fito da shi. Ba wanda ya taɓa ce mini wannan asiri ne. Ba wanda ya taɓa ce mini komai a kai ma. A garin iyaka yaro kan tashi ya tarar da irin wannan kamar yadda ya tarar da gulbi, ya koyi shiru daga shirun manya. Ni na koyi shirun baki, amma ban san har da alƙalami ba.

Wata rana malaminmu, wanda muke ce wa Mushe da Faransanci, ya ce kowa ya rubuta bayanin wani wuri da ya sani sosai. Mutumin kudu ne, bai daɗe da zuwa ba, ba ya jin Hausa ko Dandanci. Ya ce kada mu rubuta masa "gidanmu yana da kyau", yana so ya ga wurin da idonmu, ya ji warinsa. Ban taɓa jin an nemi abin da nake da shi ba sai ran nan. Na zauna a bayan keken Baba na cika shafi uku na kaye, littafin rubutunmu. Na sa kukan ƙofofi, da haruffan da suka goge, da jiƙaƙƙen buhun Ta-Garu. Na sa tabarmi da 'yar ƙofa da kwanduna, na sa yadin da ke warin kifi, don a ganina shi ne ya fi komai daɗin faɗi. A tunanina na lokacin, Faransanci abin lakwal ne, abin da aka rubuta da shi yana zama cikin aji kamar allo da alli, ba ya bin mutum kasuwa. Baba yana ganina ina rubutu, har ya ce wa Ta-Garu, "Kin gani, gwamna ta na aiki, kar ki dame ta."

Mushe ya karanta nawa a gaban aji. Ya karanta shi a hankali, yana tsayawa yana duban yara, da ya zo wurin warin kifi ya ɗaga yatsa ya ce wannan shi ne rubutu. Na sa kaina a kan tebur, kunnuwana na zafi, amma cikina fari ƙal. Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunya. A benci na biyu akwai wata yarinya mai kitso da ribom, ɗiyar wani babba a duwan. Ba muguwa ba ce. Da aka tashi ta zo ta ce in ba ta aron kayena ta nuna a gida, don babanta kullum yana ce mata ba ta iya rubutu ba. Ba a taɓa neman aron abina ba. Na ba ta.

Bayan kwana uku, na dawo daga lakwal da rana na tarar layin cike da mutane. Ma'aikatan duwan huɗu da jandarma ɗaya suna fito da bandir-bandir na yadi suna lodawa a mota. Mai gishiri yana faɗa wa na kusa da shi cewa ko dube-dube ba su yi ba, suna shiga suka nufi tabarmi kai tsaye suka ture su. Alhaji yana tsaye a rana ba hula, abin da ban taɓa gani ba. Suka rufe ƙofar suka sa mata kwaɗo nasu, suka tafi da shi. Baba ya lulluɓe kekensa ya zauna ya haɗa hannu. Washegari a lakwal yarinyar ta maido mini da kayena tana murmushi, ta ce, "Papa ya ce kin fi ma'aikatansa ido." Da yamma, Inna na tuƙa tuwo, na yage shafi ukun na tura su ƙarƙashin tukunya.

Kantin ya yi makonni a rufe. Ba mai sayen yadi, don haka ba mai kawo ɗinki, muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana. Mazan layin kan taru a barandar bayan la'asar, magana ɗaya suke yi, wa ya faɗa. Ina zaune a bayan keke ina warware zaren da bai harɗe ba, ina jin su.

"Wanda ya san wurin tabarmin nan, cikinmu shi ke," in ji mai gishiri.

"Cikinmu wa ka zuwa wurinsu?" in ji wani.

Sai suka juya suka dubi ginshiƙi na uku, inda ba kowa, don lokacin tafiyarta bakin gada ne.

"Kullum tana can tana dariya da su," in ji mai gishiri. "Har sunanta sun sani."

Baba ya ce, "Lemu ta ka saidawa, ba magana ba." Amma a hankali ya faɗa, kuma bai sake ba. Da a lokacin na buɗe baki, kalma biyar sun isa. Na ji su sun taho har maƙogwarona. Sai na tuna hular Alhaji, na tuna wurin Baba a ginshiƙi na biyu, wanda shi ne abincinmu, na haɗiye.

Ran da aka sako Alhaji aka buɗe kanti, na zo shara da sassafe na tarar da buhun gishiri uku a gindin ginshiƙi na uku, an ɗora su ɗaya kan ɗaya. Na tsaya da tsintsiya. Alhaji ya leƙo ya ce, "Share ki zagaye su." Na share na zagaye su. Ina cikin haka ta taho da tukunyarta a ka, tana gaisuwa tun daga farkon layi kamar kullum, ana amsa mata ciki-ciki. Da ta iso ta ga buhunan sai ta tsaya. Ruwan jiƙaƙƙen buhun yana ɗiga mata a kafaɗa. Ta dubi ƙofar kanti, ta dubi Baba, shi kuma ya sunkuya yana neman wani abu a cikin aljihun keke. Ba ta tambayi kowa ba. Ni ta duba ta ce, "Ɗiyata, matsa kar in jiƙa ki," ta juya ta koma ta inda ta fito, tukunyar ko girgiza ba ta yi ba.

Ta gwada zama a bakin tasha, ta gwada ƙofar kasuwa, amma labari ya riga ta. Aka sa mata suna Kunnen Duwan. Masu kaya kan yi shiru in ta matso, ba mai sayen lemunta sai baƙon da bai sani ba. Yara kan bi ta suna kiran sunan, wata rana ma muna dawowa daga lakwal 'yan ajinmu suka yi ta yi, ina tsakiyarsu ina tafiya, ban faɗa ba, ban kuma hana ba. Kafin damina ta kwashe mijinta suka koma Garu. Ginshiƙin aka ba wani mai gyaran agogo.

Na girma, na yi aure, na samu aiki a wurin awon mata masu ciki. Wata shekara aka tura mu ƙauyuka yin allurar yara, har muka kai Garu. A wani gida na same ta zaune a inuwar rumbu tana ware albasa, ƙafafunta a miƙe sun kumbura, ta ce sun daɗe da daina kai ta ko bakin hanya. Ta gane ni kafin in yi sallama ta biyu.

"Ɗiyar tela. Har yanzu ba ki koyi magana ba?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Baba, ta tambayi ko har yanzu yana ɓata wa mutane wanduna. Da abokan aikina suka wuce gida na gaba, na zauna a gefen tabarmarta na faɗa mata duka, daga Mushe har zuwa wutar tuwo. Ina magana ina duban albasar. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana juya wata albasa a hannu.

"Shekara nawa gare ki lokacin?"

Na gaya mata.

"Yarinya ta. Rubutun ba komi ba na, ba ki sani ba." Ta ajiye albasar a cikin masu kyau. "Amma ran gishiri kin sani."

Na ce na sani. Na ce ta yafe mini.

"Ni nan mi za ki ba ni? Na san ban yi ba, Allah Ya san ban yi ba. Ba cikin gidan ga anka ɓata ni ba. Alhaji na da rai?"

Na ce yana nan, da Baba, da mai gishiri, duk suna zama bayan la'asar.

"To ki tai can ki faɗi, inda sunka faɗi tasu. Mijina ya mutu ana ce mishi mijin Kunnen Duwan. Ina da jikoki masu zuwa kasuwar nan. In kin faɗi, ki aiko mini."

Na yi mata alkawari. Ranar Juma'a da la'asar na tafi layin. Suna nan su huɗu a kan tabarma, Alhaji ya tsufa yana jan carbi, Baba da tabarau da aka ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta sa mini albarka, Alhaji yana cewa ga likitarmu, ɗiyar baranda, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba. Baba ya dube ni ta saman tabarau, fuskarsa cike da jin daɗi, ya ce, "Lafiya dai da yamma haka?" Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne hannun rigata ya yi mini tsawo, ko zai rage mini. Ya tashi ya ɗauko almakashi yana mita wai telolin yanzu ba su san awo ba.

Bayan wata ɗaya wani mai kawo albasa daga Garu ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce tsohuwa ta ce a tambaye ni, na faɗa? Bai san mene ne ba, saƙo kawai aka ba shi. Mijina yana tsakar gida yana alwala, maƙwabciyata na tsaye da tire. Na ce ya gaya mata na faɗa.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi ya dawo da buhu a bayan keke, ya sauke a zaure yana share gumi. Ya ce ta ce a gode mini, ta ce yanzu ta samu barci. Albasa ce zaɓaɓɓiya, manya-manya, babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Ban iya mayarwa ba, don sai in faɗi dalili, ban kuma iya zubarwa ba. Da ita na yi ta yi wa iyalina miya har damina ta faɗi, suna cewa ba su taɓa cin mai daɗinta ba.